Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Ku ƙananan, na ji abin da kuke faɗa a kicin da Turancinku mai sauri, kuna zaton idan kun yi gudu da baki ba na kamawa. Wai Baba ya taɓa tsayawa gaban alƙali ya ce Yayarku ba 'yarsa ba ce. Ban san wanda ya ba ku labarin ba, kuma ba zan bi gida-gida ina tambaya ba, ciwon bayana ba zai bar ni ba. Zan rubuta yadda aka yi. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban ƙarasa ta ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa ya wuce.

Kun san uwar Yayarku ba Mamanku ba ce. Sunanta Denise, baƙar fata 'yar nan Greensboro, ta musulunta kafin mu haɗu, matan masallaci suna kiranta Maryam. Da ta haifi yarinyar, ni na ce a sa mata sunan Innata, ta ce to, ta yi ta maimaita shi har ta iya. Abin da ban zauna na yi mata bayani ba, don ban san abin bayani ne ba, shi ne wannan suna ba zai taɓa fita daga bakina ba. A Funtuwa inda aka haife ni, mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Babana har ya bar duniya ban ji ya kira sunan yayana ba. "Kai" yake ce masa, ko "wancan". Idan baƙo ya tambaya ko ɗansa ne, sai ya kau da kai ya ce ɗan gidan wane ne. Ba ƙiyayya ba ce, kowa a gidan ya san shi ya fi so. Kunya ce. To ni abin ya haɗe mini biyu: 'yar fari ce, kuma sunan uwata take ɗauke da shi. Wane ɗa ne zai buɗe baki ya kira sunan uwarsa gatsau kamar yana kiran yaron shago? Don haka "ke" nake ce mata. Idan zan yi maganarta, "yarinyar nan". Denise tana dariya tana cewa ni mutum ne mai rowar kalmomi. Takardun makaranta da na asibiti duk ita take cikewa, ni in sa hannu a inda ta nuna.

Yarinyar tana aji uku ciwo ya kama Denise. Bai ja da nisa ba, Allah ya karɓi abinsa. Lokacin ina tuƙa tirela, in tashi daga nan in kai kaya Texas, wani lokaci har California, in yi mako biyu ban ga gida ba. Ranar da aka share makoki, Hajiya Asabe matar Alhaji Bala, maƙwabtanmu a gidajen haya na Gate City Boulevard, ta shigo ta tattara kayan yarinyar a jaka ba tare da ta tambaye ni ba.

"Malam Haruna, wannan 'yata ce daga yau. Ka je ka nemi abincinka. Idan ka dawo ga tuwo, ga 'yarka, ka gan ta daga nesa yadda ka saba."

Na yi mata godiya. A wurinmu wannan ba abin zama a tattauna ba ne. Ni kaina a hannun ƙanwar babana na tashi. Riƙo ne, kowa ya san shi.

Amma akwai wadda ba ta san shi ba, ita ce Mama Loretta, uwar Denise. Kada wani cikinku ya ɗauke ta muguwa. Matar nan ta ƙare ƙuruciyarta tana goge gidajen masu kuɗi a Irving Park don 'yarta ta yi karatu. Saboda ni ta daina sa naman alade a tukunyarta. Ta binne 'yarta ɗaya tilo, ta juyo ta ga jikarta a gidan mutanen da ba dangi ba, tana kwana ɗaki ɗaya da yara, tana ce wa wata mata Mama. Sai kuma aka yi abin makaranta. Wata rana na dawo daga tafiya na je ɗauko yarinyar, sabuwar malama ta tare ni a ƙofa da fara'a, ta kira sunan, ta ce ni ne babanta? Ga iyaye tsaye, ga Bahaushe ɗaya ma a cikinsu yana kallona. Na ce 'yar gidan Alhaji Bala ce, ni dai na zo ɗaukarta. Malama ta ƙi ba ni ita sai da aka kira waya aka duba katina. Na ɗauka abin ya wuce. Ashe an rubuta.

Ba a daɗe ba wani ma'aikaci ya ƙwanƙwasa ƙofata ya miƙo mini takardu. Mama Loretta ta kai ƙara, tana so kotu ta ba ta yarinyar.

Wallahi dariya na fara yi. Na ce da Alhaji Bala, ina aka taɓa jin kaka ta wajen uwa ta yi shari'a da uba a kan 'yarsa, uban yana raye, yana da hankali, ba ya sha, ba ya duka? Alhaji ya ce in dai nemi lauya. Na samu wani saurayi a Elm Street, ofishinsa a saman wani shagon kofi, mai yawan duba agogo. Ya ce shari'ar mai sauƙi ce, doka tana bayan uba, sai dai idan an nuna uban da kansa ya saki matsayinsa. Na ce ni ban saki komai ba. Ya ce to shi ke nan.

Turancina na hanya ne, na gidan mai da wurin sauke kaya, don haka kotu ta kawo tafinta, Malam Isufu, mutumin Damagaram, dogo mai farin gemu. Alƙaliyar mace ce, ta sa tabarau a ƙarshen hanci. Aka rantsar da ni na zauna. Lauyan Mama Loretta ya taso a hankali, ya yi mini murmushi, ya ce in faɗa wa kotu sunan yarinyar da ake magana a kanta.

Na dubi ɗakin. Alhaji Bala yana zaune, Hajiya Asabe tana zaune, dattawa biyu daga masallaci sun zo taya ni. A gabansu za a ce in kira sunan Inna. Na ce wa Malam Isufu ya gaya masa sunan yana cikin takarda.

Lauyan ya ce ba takarda ya tambaya ba, ni ya tambaya.

Malam Isufu ya sunkuyo ya rage murya. "Malam, faɗi mana. Nan ba gida ba ne."

Alƙaliya ta ɗaga kai ta ce wa tafinta aikinsa ya juya magana, ba ya ba da shawara ba. Ya ba da haƙuri ya miƙe tsaye kamar sanda. Ita da kanta ta juyo ta tambaye ni, cikin taushi, ko na san sunan yarinyar. Na ce na sani. Ta ce to in faɗa. Na ce ba ya faɗuwa a bakina. Malam Isufu ya juya mata kamar yadda na faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Na ga ta rubuta wani abu.

Sai lauyan ya ce, "To bari in sauƙaƙa maka. Yarinyar nan 'yarka ce?"

Ku ji da kyau, don a nan labarin da aka ba ku ya samo tushe. Ban ce a'a ba. Na ba da amsar da babana zai bayar, wadda duk dattijon kirki a garinmu zai bayar idan an titsiye shi a gaban mutane. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka mutane suke faɗa."

Dattawan masallaci suka gyaɗa kai, su sun ji magana ta mutunci. Amma da Malam Isufu ya juya ta, sai na ga kowa a ɗakin ya juyo yana kallona. Mama Loretta ta dafe ƙirji ta ce, "Lord Jesus." Lauyana ya rufe ido. Ban gane abin da ya faru ba sai da alƙaliya ta ce, kafin zama na gaba, yarinyar za ta koma hannun kakarta, kuma za a sa wata mata ta kotu ta zauna da ita ta ji ta bakinta. A ranar aka zo gidan Hajiya aka ɗauki jakar. Ina tsaye a wurin ajiye motoci ina kallo, na kasa ko ɗaga hannu.

Bayan wasu makonni lauyana ya kira ni ofis, ya ce ɗaya ɓangaren sun aiko da takardar sulhu. Idan na sa hannu, ba sai an koma gaban alƙaliya an yi ta tone-tone ba: yarinyar ta zauna wurin kakarta, ni in riƙa ɗaukarta ƙarshen mako idan ina gari. Ya ce bayan abin da ya faru, shawararsa in karɓa. Na biya Malam Isufu ya raka ni, na ce ya karanta mini ita tun daga sama, kada ya tsallake ko ɗigo.

Da na leƙa takardar sai na ga kalma ɗaya tana ta dawowa a farkon kowane layi, da manyan baƙaƙe. WHEREAS. Shekaruna da yawa a ƙasar nan ban taɓa jin wani ya furta ta ba, ko a rediyon mota, ko a bakin ɗan sanda. Na ce wannan fa?

Malam Isufu ya gyara tabarau, ya fara da Faransancinsu. "Bon. Wannan kalmar aboka ce, ta lauyoyi, ba ta kasuwa ba. Kamar ka ce ganin cewa, ko tunda. Ganin cewa kaza ya faru, ganin cewa kaza ya faru, sai a ƙasa a ce saboda haka. Mu ma can a kotunan Faransanci muna da irinta."

Lauyan ya ƙara da cewa waɗannan layukan ba su ne yarjejeniyar ba, shimfiɗa ce kawai, kada in damu da su, in duba ƙasa inda aka rubuta ranakun ziyara. Na ce idan na sa hannu a ƙasa, na yarda da shimfiɗar ke nan? Ya duba agogo ya ce, e, kusan haka ne. Na ce to a karanta mini shimfiɗar.

Malam Isufu ya fara. Ganin cewa uban ya miƙa yarinyar ga mutanen da ba danginta ba bayan rasuwar uwarta. Ganin cewa uban yakan yi makonni ba ya gari. Ganin cewa uban ya shaida wa malamar makaranta cewa yarinyar 'yar wani mutum ce. Ganin cewa uban, bayan ya yi rantsuwa, ya ƙi faɗin sunan yarinyar. Ganin cewa da aka tambaye shi ko 'yarsa ce, bai amsa da e ba.

Na so in kama ƙarya ɗaya in daka tsalle a kanta, babu. Kowane layi haka aka yi. Amma mutumin da suka haɗa da layukan nan ban san shi ba, kuma da a ce maƙwabcina ne, da ni ma na ce a ƙwace masa yarinyar. A gida idan wani ya ce maka tunda ka yi kaza, kana iya katse shi ka ce tsaya, ba haka nake nufi ba. Wannan kalmar ba a katse ta. Tana ajiye abin da ka yi a kan tebur, tsirara, ta wuce na gaba. Dalilinka ba ya cikin kayanta.

Sai Malam Isufu ya tsaya. Na ga leɓensa yana motsi amma bai fitar da murya ba.

"Saura ɗaya," ya ce. "Malam, ka sha ruwa tukuna."

Na ce ya karanta.

"Ganin cewa yarinyar ta shaida wa wakiliyar kotu cewa ba ta taɓa jin ubanta ya kira sunanta ba, kuma a ganinta ya manta shi ne, ko kuma yana fushi da ita."

Ban san lokacin da na tashi tsaye ba. Kujerar ta faɗi bayana. Na ce ya sake karantawa, ya sake. Na ce wa ya koya mata wannan magana? Lauyan ya ce babu wanda ya koya mata, ita kaɗai ce da matar a ɗakin. Na manta shi? Sunan da nake ji a kunnena tun kafin in san nawa? Na tuƙa mota daga nan zuwa bakin teku na can yamma ina tunanin takalmin da zan sayo mata, ita kuwa tana kwance a gidan Hajiya tana lissafin laifin da ta yi mini. Yayana ya san dalilin da ya sa babanmu ba ya kiran sunansa, domin duk unguwar haka ake yi, abokansa ma haka. Ita wa za ta duba? Duk 'yan ajinsu iyayensu suna ƙwala musu kira daga bakin mota. Na ɗauko kunyar daga Funtuwa na kawo ta Greensboro, ban ɗauko unguwar da za ta fassara mata ita ba.

Na tambayi lauyan ko ni ma ina iya sa nawa whereas ɗin a takardar. Ya ce ba a wannan ba, sai dai in ƙi sa hannu mu koma gaban alƙaliya, kuma a can duk abin da nake so a rubuta sai ya fito daga bakina. Ya ce ina iya rasa har ziyarar ƙarshen makon. Na tura masa takardarsa na fita.

Da yamma gidan Alhaji Bala ya cika da murya. Alhaji ya ce a kai liman kotu ya yi wa alƙaliya bayanin al'ada, a kawo wani malamin jami'a ma idan ta kama, ba sai an sa mutum ya zubar da girmansa a gaban jama'a ba. Hajiya Asabe tana tuƙa tuwo, ta juyo da muciya a hannu.

"Bayanin me, Alhaji? Yarinya ta ce ba ta taɓa ji ba. Liman ne zai kira ta? Ko malamin jami'ar?"

"Ke ba ki san nauyin abin ba."

"Na san nauyin jakarta, ni na ɗauka na kai mota. Malam Haruna, kai nake wa magana, ka daina kallon kafet. Girman nan da ake tattalinsa, shi zai riƙa yi maka sannu da zuwa?"

Washegari da hantsi na zauna a cikin motata na kira Funtuwa. Ƙanena ya kai wa Inna wayar. Lokacin ta tsufa ƙwarai, sai an ɗaga murya. Na yi ta kewaye-kewaye, lafiyar gida, lafiyar ƙafarta, har ta gaji ta ce in faɗi abin da ya sa na kira. Na gaya mata duka. Na ce Inna, suna so in kira sunan a gaban mutane, in ba haka ba za su ɗauke ta. Sai ta tambaye ni:

"Takwarar tawa ce ta ce ka manta?"

Na ce ita ce.

"To ka kira. Ni wa ya rage da yake kirana da shi? Duk sun mutu. Sunan nata ne yanzu, ni na gama da shi."

Ranar zama na biyu na hana dattawan masallaci zama a gida, na ce su zo. Idan zan yi, a gabansu zan yi. Lauyana ya tashi ya yi mini tambaya ɗaya da muka shirya, wadda aka yi mini a baya. Na kama ƙarfen gaban kujerar. Ban jira Malam Isufu ba.

Na ce, "Rukayya. Rukayya Haruna. 'Yata ce, ta fari."

Ɗaya daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai yana salati. Daga nan na yi magana mai tsawo, Malam Isufu yana bina a baya yana haki. Na faɗi na babana da yayana, na faɗi sunan wa ta ci, na faɗi abin da Inna ta ce. Mama Loretta tana kallona baki buɗe. Da aka ba ta dama, ba ta dubi lauyanta ba, ni ta duba, ta ce shekara nawa ina cin abinci a teburinta, me ya hana ni gaya mata? Na ce ban san abin a faɗa ne ba.

Alƙaliya ta tura mu wani ɗaki mu daidaita. Aka rubuta sabuwar takarda, ita ma da whereas ɗinta a jere, amma na farkon ya ce ni ne uban yarinyar kuma na shaida haka a gaban kotu. Yarinyar ta dawo hannuna, bisa sharaɗin in bar tuƙin nesa in riƙa kwana a gari, kakarta kuma ta riƙa ɗaukarta ƙarshen mako da wani ɓangare na hutu. Haka na bar tirela na koma ɗaukar kaya a sito. Wannan ciwon bayan da kuke ji ina kuka da shi kullum, a can na samo shi.

Yara ba sa shiga ɗakin shari'a, don haka tana waje a kan benci tare da Hajiya Asabe, ta ba ni baya, tana wasa da zip ɗin jakarta. Na tsaya nesa kaɗan. Hajiya ta hango ni, ta harare ni, ta yi mini nuni da haɓa. Mutane suna ta wucewa da takardu a hannu.

Na ce, "Rukayya."

Ta juyo da sauri. Ta dube ni, sannan ta leƙa bayana, ta duba dama, ta duba hagu, tana neman wanda ya kira ta.

Sai da na sake kira.